Shekara ɗaya da rabi makullin i8 ɗin Kawu yana hannuna

Ranar da aka sauke motar nan a ƙofar gidan Kawu a unguwar Gwarinpa ta Abuja, wajen ƙarshen 2022, abin da na fara ji shine salatin Baba maigadi. Direban babbar motar da ya ɗauko ta daga Legas ya miƙo min makulli, na shiga da ƙyar, na taka birki na danna madannin tayarwa, dashbod ya kawo wuta tar, amma shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Na sake dannawa ta mutu, na kuma dannawa ta kawo, shiru dai. Baba ya leƙo yace "Ɗan nan, anya ba matacciya suka turo wa Alhaji ba?" Ni kaina gabana ya faɗi, sai da direban ya fashe da dariya yace oga sa giya kawai ka ɗaga ƙafa. Na ɗaga ƙafa, mota ta silalo ƙasa kaman kwale-kwale, ba abin da kake ji sai tsakuwa a ƙarƙashin taya.

BMW i8 ce ƙirar 2015, fara da ratsin shuɗi. Kawu ya saye ta a gwanjon Amurka ta hannun wani dillali, shi kuma mutum ne da baya zama, yau yana Dubai gobe yana China wajen harkar kayan gini, toh ni da nake kula masa da gida da motoci sai ta zama kaman tawa. Ni kuma asalin motata Corolla ce 2008, wadda ko da daddare aka tashe ni nasan kukan kowane ƙarfe a jikinta. Daga nan aka ɗauke ni aka jefa cikin wannan.

Bari na faɗi yadda take a ciki, don duk daɗinta da duk wahalarta daga nan suka taso. Inji biyu gare ta kuma basu haɗa komai ba sai kwalta. A bayan kujeru akwai injin fetur mai silinda uku kacal, lita 1.5 da turbo, ɗan gidansu injin da ake sawa a Mini, shi yake juya tayoyin baya. A gaba kuma injin lantarki ne yake juya tayoyin gaba, batirinsa yana kwance a tsakiya tsakaninka da wanda ke gefenka. Ba wani ƙarfe da ya taso daga gaba ya haɗu da baya, kwamfuta ce kawai take sasanta su, tace kai ja yanzu, kai kuma dakata. In suka haɗu suna bada ƙarfin doki 357 a lissafin Amurka. Ɗakin da mutum ke zama da kabon faiba aka yi shi, ƙasan kuma alminiyom, shi yasa duk da batir a ciki nauyinta wajen tan ɗaya da rabi ne kawai. A Leipzig ta Jamus aka riƙa ƙera su daga 2014 zuwa 2020, guda dubu ashirin da 'yan kai aka yi aka rufe.

Shiga motar nan kanta sai an koya maka. Ƙofa sama take tashi kaman fiffike, kuma dokin ƙofar yana da faɗi da tudu, kujera kuma tana can ƙasa, dole ka fara ajiye mazaunai sannan ka jawo ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Juma'ar farko Kawu yace na kai shi masallaci a ciki, ya sha babbar riga 'yar Mali mai sitati da zanna bukar. Shiga dai an shiga da addu'a. Wajen fita ne aka yi ta, hula ta bugi ƙofa ta faɗi, hannun riga ya maƙale a bel, ga yara sun kewaye mu da wayoyi suna ɗauka, shi kuma yana ta miƙo min hannu a ɓoye yana cewa "kai jawo ni mana, tsayawa kallo kake?" Tun daga ranar bai sake shigarta da manyan kaya ba, kuma gaskiya bai fi sau goma ya tuƙa ta ba gaba ɗaya. Kujerun baya kuwa sunan kujeru kawai suka ci, yaro ɗan shekara bakwai ma sai ya naɗe ƙafa. Wajen fakin kuma kullum idona na kan motar gefe da rufin rumfa, don in wani ya matse ka ƙofa bazata tashi ba, kana tsaye da makullin mota ta miliyoyi kana jiran mai Golf ya fito daga banki.

Amma fa in ka zauna ka rufo, wani abu ne daban.

Abin da na fi so a motar nan ba gudu bane, kuma nasan wasu zasu ce ƙauyanci ne. Asuba ce. Kawu yana yawan saukowa a jirgin tsakar dare ko na asuba, sai na fita ƙarfe huɗu, na danna eDrive, madannin da yake sa ta tafi a lantarki zalla, na fice daga layinmu ba wanda ya motsa, karen maƙwabta ma da yake haushin Corolla kullum baya ɗaga kai. Kana jin kiran sallar farko daga masallatai uku a lokaci ɗaya kana cikin mota tana tafiya. A lantarki zalla tana iya kaiwa 120 a awa, toh har ka hau babban titi injin fetur yana barci abinsa. Sai dai wannan shirun ya kusa jawo min abin da bazan manta ba. Wata safiya ina fitowa kwana, wani mai ruwa yana turo kura cike da jarkoki, bayansa yake bani, kawai ya karyo tsakiyar titi don shi a kunnensa ba mota a bayansa. Na taka birki har jakar da ke kujerar gefe ta faɗo, tsakanin bamba da ƙafarsa bai fi taku ɗaya ba. Ya juyo ya zaro ido yace "Yallaɓai daga sama ka faɗo?" Laifina ne, a garinmu da kunne ake tsallaka titi, mai talla da ɗan makaranta da akuya duk kukan inji suke saurare. Daga ranar in ina cikin unguwa hannuna na kan hon, ko kuma na tada injin da gangan.

Gudun kuma akwai shi, kar wani ya ce maka babu. In ka tura sandar giya hagu ta shiga Sport, dashbod ya koma ja-ja, injin baya ya farka da gurnani. Na gwada ta a titin filin jirgi da sassafe lokacin ba kowa, daga tsaye zuwa 100 daƙiƙa 4.4 ne a takarda, a jiki kuma ji zakayi kaman an zuba maka buhun siminti a ƙirji. Abin da ya bambanta ta da sauran motoci masu turbo da na taɓa tuƙawa shine babu wannan ɗan jiran. Ka san yadda zaka taka totur a mota mai turbo tayi kaman tana tunani kafin ta zabura, toh a nan lantarkin ne yake cike wannan gurbin, kana takawa tayoyin gaba sun riga sun fizge ka, kafin su gaji turbo ya cika iska ya karɓa daga baya. Wajen wuce tirela wannan abin ba ƙaramin daɗi gare shi ba, kuma ranar da ake ruwa kana jin duk tayoyi huɗun sun riƙe kwalta. An ƙayyade mata 250, ni ban kai ko kusa ba, ina da iyali.

Gurnanin nan da nace, daga baya na gane ba duka bane na inji. Akwai wanda ake ƙarawa ta sifika don silinda uku ta yi kuka irin na manya. Ranar da na sani sai da naji wani iri, kaman ka gano cewa mai wa'azin da kake so rubutu yake karantawa. In kana ciki ka rantse wata dabba ce, wanda yake tsaye a waje kuma abin da yake ji bai kai rabin haka ba.

A nan ne muka yi ta musu da wani abokina a majalisarmu ta mai shayi, shi mayen motoci ne, ko keke bashi da shi amma ya san komai. Yace min wannan ba supercar bace, kwalliya ce kawai, silinda uku fa, saura kaɗan ta zama Keke Napep. Ya lissafo min manyan da suka fito a 2013, Porsche 918 mai doki 887, McLaren P1 mai 916, LaFerrari mai 963, dukkansu fetur da lantarki ne. Ya ƙara da Ferrari SF90 ta 2019 mai doki 1,000 cif, da Lamborghini Revuelto ta 2023 mai silinda goma sha biyu da doki 1,015. Yace waɗannan lantarkin da aka sa musu don ƙarin ƙarfi ne, SF90 ma kilomita 25 kawai take yi a batir kuma ko giyar ribas bata da ita, lantarkin gaba ne yake mayar da ita baya. Na ji haushi a lokacin amma maganarsa da ƙamshin gaskiya. Na durƙusa na duba tayar gaba ta i8, faɗinta milimita 195, daidai da na Corolla ta, kawai dai rim ɗin inci 20 ne. An yi ta siririya ne don kar ta sha mai, kuma kana jin hakan in ka shiga kwana da ƙarfi, gaban yana fara turewa waje tun kafin ranka ya so. Ni dai inda na tsaya, fuskar manya gare ta, zuciyar kuma ta mai tattali ce, kuma da na daina auna ta da Ferrari sai na fi jin daɗinta. Ko a sabuwarta ma kusan dala 136,000 aka sayar da ita a Amurka, waɗancan kuwa wasu sun haura miliyan.

Toh sai maganar mai, wadda ita ce kowa ke tambayata a gidan mai, wai da gaske bata shan fetur? A takardar Turai an rubuta lita 2.1 a kilomita 100. Wannan lissafin na wanda ya fito da batir cike ne yayi 'yar gajeriyar tafiya ya koma ya sake jonawa. Batirin namu mai ɗaukar yunit 7.1 na wuta ne, Turawan Turai sunce yana kai kilomita 37, Amurkawa sunce mil 15 wato wajen kilomita 24, ni kuma a zafin Abuja da esi a kunne abin da nake samu 18 zuwa 20. Daga Gwarinpa zuwa Wuse ka dawo, kafin ka iso gida injin ya farka. In batir ya ƙare kuma mota ce mai fetur kaman kowacce, a doguwar hanya ina ganin lita 7 zuwa 8, wanda ga mota mai irin wannan gudun ba laifi ko kaɗan, amma ba 2.1 bane.

Duk da haka ta fitar da ni kunya lokacin dogayen layukan mai na farkon 2023, mutane suna kwana a gidan mai ni kuma ina zuwa kasuwa da kai yara makaranta a kan wutar daren jiya, na yi kusan sati uku allurar mai bata motsa ba. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, a Yuli ta kai 617, sai na fara jin kaina wani mai hangen nesa. Murnar bata daɗe ba. Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar 'yan Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, layinmu kuma ya faɗa ciki. Na zauna da biro, cika batir yana cin wajen yunit 6 a mita, naira 1,350 kenan, ya kai ni kilomita 20. Kilomita 20 ɗin nan a fetur cikin gari wajen lita biyu ne, kuɗin kusan ɗaya. An gudu ba a tsira ba. In kuma aka ɗauke wuta ka tada janareta don kayi caji, toh ka ƙona fetur a tsakar gida don kar ka ƙona shi a titi, banza ta kori wofi. Mai sola da manyan batura a gida shine kaɗai zai ce yana cin riba da gaske.

Cajin ma sai da na yi wauta kafin na iya. Wayar cajin da ta zo da motar ta Amurka ce, wutarsu 120, tamu 230. Ban duba ba, rashin sani ya fi dare duhu, na nemo adafta a shagon unguwa na cusa a soket. Ji nayi fas, sai warin roba. Allah ya taimake ni akwatin wayar ne ya ƙone bai taɓa motar ba, amma kiran da nayi wa Kawu ranar ba daɗi, yayi shiru can yace "Toh injiniya, sannu da aiki." Ya taho da wata daga Dubai mai ɗaukar wutarmu kuma bakinta irin na motocin Amurka. Muka jona, ita kuma ta ƙi, sai jar fitila take ƙiftawa. Kwana biyu muna zargin waya, ashe gidan ne bashi da as mai kyau, wato wayar da ake binnewa a ƙasa don kariya daga jan wuta, ita kuma in bata ga as ba ko ƙwayar wuta bazata saki ba. Sai da mai gyaran wuta ya zo ya haƙa rami a bayan gareji, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri ya jiƙa da ruwa, ya jawo waya har soket ɗin, sannan fitila ta koma kore. Awa biyu zuwa uku take cika in wuta ta tsaya, in kuma ana kawowa ana ɗaukewa sai ka tashi da safe ka tarar da rabi.

Akwai ƙananan abubuwa da ba mai gaya maka. Tankin mai a matse yake da iska, sai ka danna wani madanni ka jira 'yan daƙiƙu kafin murfin ya buɗe, mai zuba mai yana ta ƙwanƙwasa maka gilashi yana oga buɗe mana. Tankin lita 42 ne, na wasu ƙasashen ma 30. Tana son fetur mai kyau sosai, mu kuma gidan mai kala ɗaya ake sayarwa, abin da ka samu shi zaka sha, don haka na riƙe gidan mai guda ɗaya bana canzawa. Gilashin ƙofa baya sauka duka, ba damar ka ɗora gwiwar hannu kana yanga. But ɗin baya lita 154 ne, jakar goyo biyu ta cika shi, kuma maƙwabcin inji ne, na taɓa sayo wa Hajiya fura da yogot mai sanyi daga Wuse na saka a ciki, kafin na iso gida ta zama kaman kunu. Ba sandar duba baƙin mai, a allo ake dubawa.

Babbar wahalar da na sha kuwa a hanyar Kaduna ce, kuma ni na jawo wa kaina. Bikin abokina ake yi, zuciya tace min ka je da ita a san ka zo. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai kai tsawon waya ba, kowane tudun rage gudu sai na bi shi a karkace kaman kaguwa ina jin masu bas suna zagina a baya. Na wuce Zuba lafiya, na wuce Tafa, ga aikin hanya ana ta karkatar da mu hannu ɗaya, tsakanin Jere da Katari wata tirela ta rufe min gani na faɗa wani rami da tayar gaba ta dama. Ƙarar kaman an harba bindiga. Na gangara gefe na duba, gefen tayar ya tsage kaman an sa wuƙa. Safaya babu, motar bata zuwa da ita, wani ɗan famfo ne da ruwan liƙi a gwangwani, shi kuma ƙusa yake toshewa ba tsagewa ba. Wani mai faci ya zo a kan babur ya zagaya ta sau biyu yace "Maigida wannan ko a Kaduna ba za ka samu ba." Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wajen tsayawa bane, balle da farar mota mai fiffike da kowa ya wuce sai ya rage gudu ya kalla. La'asar tayi, rana tana sunkuyawa, ni addu'ar da na sani duk na karanta. Ba a jan ta da igiya kuma, dole sai mai ɗauka a baya gaba ɗaya, shi ma da ya iso daga Abuja sai da muka nemo katakai muka jera saboda bamba zata daki ƙarfen hawa. Mun shigo gari bayan isha'i. Bikin da ban je ba kenan, kuma tayar sai da ta yi sati uku kafin a samo ta, na zaga kasuwar kayan mota ta Apo kaf ana min kallon mai tatsuniya.

Sati ukun nan da ƙarin wasu uku da nayi tafiya gida Kano su suka koya min abu na gaba. Na bar ta a rufe da tampol, ban jona ba, batirin ma saura kaɗan na ajiye ta. Na dawo na danna rimot, ko ƙyaf. Mota mai ƙaton batir a ciki amma wai ƙaramin batirin nan irin na kowace mota shine ya mutu, kuma in ya mutu komai ya mutu, don shi yake tada kwamfutocin da zasu ba babban izini, hatta ƙofar ma da lantarki take buɗewa. Na zaro ɗan makullin ƙarfe na cikin rimot na buɗe da dabara. Ƙaramin batirin yana ƙarƙashin bonet, bonet ɗin kuma ba irin wanda zaka ja ka ɗaga bane, sai an buɗe ƙofofi an saki ta gefe biyu, mutum biyu su ɗaga a tare a hankali don kar ya goge fenti ko ya tsage.

Na kira mai rewayar da yake min Corolla, mutumin kirki ne kuma ya iya aikinsa. Ya leƙa ciki, ya ga wasu kaurayen wayoyi ruwan lemo, kawai naga ya zaro tasta da filaya yana cewa bari mu ga ko wuta na zuwa nan. Wallahi ban san sanda na riƙe masa hannu ba. Wayoyin nan wuta mai ƙarfin sama da volt 300 ce a cikinsu, ba irin wanda zai ja ka ka yarfe hannu kayi dariya bane. Yace "Haba oga, shekarata ashirin a aikin nan", nace na sani, amma yau dai a bar ta. Shi baiyi laifi ba, abin da ya saba dashi kenan, ni ne na kira wanda bai dace ba. Daga baya aka haɗa ni da wani matashi da yayi kwas a kan irin waɗannan motocin, ya zo da kwamfuta da safar hannu ta roba mai kauri, ya canza ƙaramin batirin ya kuma yi masa rajista a kwamfutar motar, ashe har wannan ma sai an gaya mata. Shi ya zaunar da ni yace abu uku zan riƙe. Kar na ajiye ta da babban batir a ƙasa, in zata daɗe a tsaye a sa wa ƙaramin abin caji na musamman, kuma ko ba inda zani na fita da ita duk sati har injin ya yi zafi don fetur ma yana lalacewa a tanki. Na ukun shine esi, yace a motar nan esi ba jin daɗi bane kawai, gas ɗinsa ne yake sanyaya babban batir, toh ranar da naji sanyi ya ragu kar nace zan sauke gilashi na lallaɓa zuwa wata. Na tambaye shi in babban batirin ya tashi aiki fa, nawa? Yayi murmushi yace na dai yi ta addu'a, kuma in fanel ɗin kabon ya fashe ba fanal bita a garin nan da zai buga shi ya miƙe, sai dai a sayo wani.

Abin da na lura dashi bayan nan shine duk lokacin da nake hawanta kullum, makaranta, kasuwa, filin jirgi, ina jonawa da daddare, lafiya lau muke zaune, ko tari bata yi. Duk matsalar da muka samu ko dai na ajiye ta ne ko na kai ta inda ba nata ba. Mu kuma a nan yawanci wanda yake da kuɗin sayen irinta yana da wasu biyar a gareji, sai ranar Sallah ko ɗaurin aure za a yaye tampol, irin zaman da bata jurewa kenan. Kana kula da injin fetur da duk hidimarsa, baƙin mai, fulogi, lagireto, kana kuma kula da batir da caji da wayarin, hidimar mota biyu a jiki ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dai.

Tsakiyar 2024 Kawu ya dawo daga wata tafiya ya kira ni falo yace "Ni fa motar nan taka ta ishe ni, kai kake jin daɗi ni nake biyan taya." Aka sa ta a kasuwa. Wanda ya saya wani yaro ne matashi, ya zo da abokai uku da mai ɗaukar hoto. Na rubuta masa komai a takarda shafi biyu, maganar as, da ƙaramin batir, da esi, da lambar yaron nan mai kwamfuta, da inda na samo taya, har na ja layi biyu a ƙarƙashin kar a bar mai rewaya ya taɓa waya ruwan lemo. Ya karɓa ya ninke ya cusa a aljihun baya ko dubawa baiyi ba, tambayarsa ɗaya, wai ƙofofin suna tsayawa a sama duka biyu in ana hoto? Nace suna tsayawa. Ya shiga da ƙafa farko, ya bugi kai.

Washegari da asuba na fito zan kai yara, na murza makullin Corolla ta yi tarinta na kullum ta kama, karen maƙwabta ya fara haushi, kafin na kai hannu kan hon Baba har ya wangale get.